Ni da fosfet a tankin murjanina, abin da na rubuta tun Janairu

Juma'a 5 ga Janairu 2024

Toh yau dai na yanke in riƙa rubuta komai, don na gaji da dogaro da kaina, yau ince fosfet (sinadarin da yake taruwa a ruwa daga abincin kifi) 0.2 na gani gobe ince a'a kamar 0.1 ne. Ga wanda bai san tankin ba, lita 300 ne na ruwan gishiri, da wani ƙarami a ƙasa cikin kabad da muke cewa samp, a nan injin kumfa mai fitar da dattin ruwa da famfuna suke. Watansa 14 a falona nan Jidda. Kifaye shida ne a ciki, har da ocellaris guda biyu masu ruwan lemo da ratsin fari, da tang ɗin nan shunayya mai rawayar wutsiya, ɗan asalin Bahar Maliya, wanda nasan tankin ya masa kaɗan amma wannan zancen wata rana ne. Murjani kuma akwai Montipora faranti biyu, da Acropora ƙanana guda uku, da Euphyllia, da ɗan Zoanthus a gefe.

Matsalar itace gansakuka mai gashi ta rufe min duwatsu, kore shar, in na tsige yau bayan kwana huɗu ta dawo kamar an zuba mata taki. Montipora kuma ta koma ruwan ƙasa kamar tsohon buhu, farin bakin nan da yake nuna tana girma ya ɓace tun wajen Oktoba. Duk wannan lokacin da kwalbar gwaji mai kala nake auna fosfet, wadda zaka ɗaga a haske kana kwatanta shuɗi da shuɗi a jikin kati, ni kuma idona abin da raina yake so shi yake nuna min. Jiya na karɓi ƙaramin mita na Hanna, HI736, na gwada sau biyu. 137 ya rubuta.

Na fara murna wai ai 0.137 ba laifi, ashe wannan mitar fosfaros take aunawa a ppb (kashi cikin biliyan), sai ka ninka da 3.066 ka raba da 1000 sannan ka samu fosfet a ppm (kashi cikin miliyan). Da na buga lissafi 0.42 ya fito. Masu murjani irin nawa yawanci tsakanin 0.03 da 0.1 suke nema. Sai da na zauna.

Sauran awo na yau: gishiri 35 ppt (kashi cikin dubu), zafi 25.5, naitret 25, alkaliniti (kabonet ɗin da murjani suke sha su gina ƙashi) 8.6 dKH, kalsiyam 420, magnisiyam 1290. Su ba ruwansu, fosfet ne da naitret suka yi sama.

Juma'a 12 ga Janairu

Ranar Litinin na canza ruwa lita 60, kashi 20 cikin 100 kenan. A lissafi ya kamata in sauka wajen 0.34, kuma da na auna bayan awa ɗaya 0.35 na gani, nace alhamdulillahi ashe abin mai sauƙi ne, canji biyar na gama. Laraba na sake aunawa 0.40. Yau 0.41. Wato ɗiban ruwa da kwando nayi, gishirin lita 60 ya tafi a banza.

Daren jiya na kwana ina karatu a kai, yanzu na gane. Duwatsun tanki da rairayin duk kalsiyam kabonet ne, shi kuma fosfet yana manne a jikinsu, kullum akwai musaya tsakanin na jikin dutse da na cikin ruwa. In na ruwa yayi yawa dutse ya shanye, in ka rage na ruwa dutse ya amayo har sai sun sake daidaita. Na lissafa, 0.4 ppm a lita 300 duka duka miligiram 120 ne, ɗan mitsitsin abu, amma wanda yake maƙale a dutse ya ninka wannan sau da yawa, shi mita baya ganinsa. Kuma duwatsuna na hannu na saya, daga wani da ya gaji da tankinsa na kifi zalla, shekara da shekaru yana zuba abinci son ransa. Da araha na samu, ina ta fariya a lokacin. Ga arahar nan yanzu.

Na kuma duba matatar RO da nake tace ruwan tankin da ita, TDS ɗin da yake fita, wato awon abin da ya rage narke a ruwan, 7 ne maimakon 0, ashe resin ɗin ƙarshe mai kama ragowar dattin ya daɗe da mutuwa, kalarsa ta juye tas ban lura ba. Na canza, ya koma 0.

Juma'a 19 ga Janairu

0.40. Amma na kama ɓarawo. Ni a sanina sau ɗaya ake ba kifayen nan abinci a rana, da daddare in na dawo aiki. Talata na dawo da wuri sai na tarar da autana a kan kujera da robar abincin a hannu, nace kai me kake yi, yace "Baba yunwa suke ji, kaga suna bina." Kifi dai kullum binka zai yi ko yanzu ya ƙoshi. Na juya wajen maman yara, itama tayi dariya tace ai da safe takan ɗan yafa musu kaɗan kafin ta shiga kicin. Sau uku kenan a rana, wani lokacin huɗu, kuma abinci shine babbar ƙofar da fosfet yake shigowa ta ita, duk abin da kifi yaci bai zama tsoka ba cikin ruwan zai ƙare.

Yanzu na sayi robar magani mai gida bakwai, kowace rana da nata kason, duk wanda yake so ya basu ya basu amma in gidan ranar ya ƙare shikenan. Yaron yaji daɗi ma, ya zama shine mai kula da roba.

Juma'a 26 ga Janairu

Na fara GFO. Wani jan gari ne mai tsakuwa tsakuwa, ƙarfe ne da yayi tsatsa a taƙaice, fosfet yana mannewa a jikinsa kamar yadda yake yi a dutse sai dai shi in ya cika zaka kwashe ka zubar. Rabin abin da aka rubuta a jikin robar na saka, giram 60, a cikin riyakta, wata doguwar roba da ruwan tanki yake ratsawa ta ciki. Sai an wanke shi tukun, ruwan farko da ya fito ja jawur kamar na kwata bayan ruwan sama, na tara wajen lita biyar a bokiti kafin yayi fari. Gudun ruwan kuma kaɗan ake so, saman garin ya riƙa ɗan motsi kamar kunu ya fara tafasa, in yayi ƙarfi niƙe kansa zai yi ƙurar ta bazu a tanki.

Wani ƙanina da ya zo ziyara yace yaya wai me yasa kake wahala da sayen gishiri alhali ga teku can a Kornish, ka ɗauki jarka mana. Nace masa na farko gishirin Bahar Maliya yakai wajen 40 ppt, sai na sirka shi kafin ya dawo 35, na biyu ruwan bakin gari ban yarda da abin da ke cikinsa ba, ina ƙoƙarin fitar da datti ba zan je in ɗebo na wasu ba.

Juma'a 2 ga Fabrairu

0.31. Karon farko da lamba ta sauka ta zauna. Alkaliniti ya ɗan faɗi zuwa 8.1, an ce GFO yakan yi haka, na ƙara abin da nake zubawa kaɗan.

Juma'a 9 ga Fabrairu

0.33, ya fara komawa sama. Na tari ruwan da yake fita daga riyakta na auna, 0.32, kusan ɗaya da na tanki, wato garin ya ƙoshi cikin sati biyu ko ƙasa da haka. Wannan itace hanyar gane ya mutu, ba sai ka ƙirga kwanaki ba. Na zuba sabo giram 60. In haka za'a tafi robar nan ba zata kai ni azumi ba, kuma ba arha gareta ba.

Shi yasa na tsaya tunanin lantanam kulorayid. Ruwa ne da ake ɗigawa, yana haɗuwa da fosfet nan take su zama wani farin gari da baya narkewa, sai a tare shi da safar tata mai ƙanƙanan ido, maikron 5 ko 10. Yafi GFO arha nesa ba kusa ba in fosfet yana sama irin nawa. Abin da ya hana ni shine tang. Masu tankuna da dama sun ba da labarin kifayen dangin Zebrasoma suna haki wasu har su mutu in farin garin nan ya kuɓuce ya shiga tanki, nawa kuma Zebrasoma ne gaba da baya. Na haƙura. Kuɗin GFO ya tafi, kifin ya zauna.

Wani abu da na koya kan mitar: kwalbar tana son tsafta fiye da kima. Zanen yatsa a jikinta ko 'yan kumfa a ciki sai su canza maka lamba, hodar kuma sai ka tabbata duk ta zube daga takardar ka girgiza minti biyu. Ita kanta mitar tana iya kaucewa da wajen 5 ppb sama ko ƙasa, wato kusan 0.015, don haka na daina tada hankali in naga bambancin 0.01 tsakanin jiya da yau.

Juma'a 23 ga Fabrairu

0.22, naitret 20. Satin da ya wuce na saka ciyawar Chaetomorpha a samp, dunƙule kamar soson ƙarfe na wanke tukunya amma kore, da ƙaramar fitila da take kunnuwa da daddare in ta sama ta mutu, hakan yana taimakawa pH kada ya faɗi sosai cikin dare. Ita ma gansakuka ce, bambancin dai ita a inda na ajiyeta take zama, tana cin naitret da fosfet, in ta girma ka yanki rabi ka zubar.

Yau kuma na fara zuba ruwan khal, farin nan na kashi 5. Hikimar itace kana ciyar da bakteriya da kabon, su hayayyafa su cinye naitret da fosfet, injin kumfa ya kwashe su ya fitar. Turawa da yawa bodka suke zubawa, ni kam ba zan ajiye kwalbar giya a gidana ba da sunan murjani, ballantana a garin nan, khal yana yin aikin sai dai ka zuba kusan ninki takwas. Mil 5 na fara da shi da rana. Amma na sani wannan yafi cin naitret, don tun 1934 Alfred Redfield ya nuna ƙananan halittun teku suna ɗauke da naitirojin wajen 16 a kan fosfaros 1, saboda haka duk ɗan fosfet da zasu ci sai sun haɗa da naitret mai yawa.

Juma'a 8 ga Maris

0.13, naitret 8. Gansakukar ta fara fari tana tsigewa da kanta in na taɓa da buroshi. Kumfar injin ta koma baƙa ƙirin mai wari, maman yara tace in ban riƙa zubarwa kullum ba zata fitar da kabad ɗin waje. Khal yakai mil 20.

Azumi saura kwana biyu ko uku, kuma nasan halina, ba zan samu lokacin tanki ba. Don haka na zuba GFO giram 150 gaba ɗaya, nace ya ƙarasa aikin kafin Sallah in huta.

Juma'a 22 ga Maris

Abin da na rubuta a sama ranar 8 shine wautar da nayi, na barshi a nan don in riƙa gani. An ɗauki azumi Litinin 11 ga wata, tsakanin aiki da tarawihi da baƙi ban taɓa mita ba kwana goma sha huɗu. Famfon khal yana ta zubawa, ciyawa tana ta ci, GFO ninki biyu da rabi yana ta zuƙa, abinci kuma an rage. Shekaranjiya bayan buɗa baki na lura da wani abu ruwan ƙasa mai yauƙi kamar majina a kan rairayi da jikin gilashi, da 'yan kumfa maƙale a jikin zarensa. Da asuba babu shi, kafin la'asar ya dawo ya fi na jiya. Dodon koɗi uku na tsinta a kife sun mutu.

Na auna. Mita ta rubuta 0 ppb. Na wanke kwalba na sake, 1. Naitret babu ko alama. Alkaliniti kuma ya haura 10.2 saboda murjanin sun daina sha ni kuma famfona bai daina zubawa ba, kan rassan Acropora biyu yayi fari fat naman ya zame, wannan ƙunar da ake cewa tana zuwa in alkaliniti yana sama ruwa kuma babu abinci. Montipora da nake kuka tayi duhu yanzu ta koɗe kamar an wanke ta da bilic. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Abin da na manta shine murjani ma yana buƙatar fosfet. Akwai ƙananan halittu da suke zaune cikin namansa suna haɗa masa abinci da haske, su ne ma suke bashi yawancin launin ruwan ƙasan nan, in fosfet ya ƙare kwata kwata yunwa suke ji. Kuma in ruwa ya zama fayau haka, sauran ƙananan halittun da suke gasar wuri sai su mutu, filin ya zama na daino, wato ƙananan halittun da suke yin majinar nan.

Lahadi 24 ga Maris

Na ari madubin ƙara girma na makarantar babbar 'yata, irin na yara, na ɗiga majinar a gilashi. Gasu nan birjik, siffarsu kamar ƙwayar riɗi, kowanne yana juyawa a wuri ɗaya kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Ostreopsis kenan, wani irin daino. Labari mara daɗi shine suna da guba, shi ya kashe min dodon koɗi, kuma tun jiya da safar hannu nake taɓa ruwan, na hana yara zuwa kusa. Mai daɗin kuma su irin waɗanda suke barin rairayi su shiga ruwa da daddare ne, don haka fitilar UV, mai kashe ƙananan halittun da suka ratsa ta cikinta da ruwa, tana kama su.

Abin da nayi daga Juma'a zuwa yau: na kashe riyakta na kwashe GFO duka, na rage khal zuwa rabi zan tsayar dashi cikin sati, na yanke kashi biyu cikin uku na ciyawar na rage mata awannin fitila, na tsayar da famfon alkaliniti har ya sauko da kansa. Na saka gawayin tata sabo saboda gubar, na haɗa UV wat 25 yana jan ruwa kai tsaye daga babban tankin a hankali, in fitila ta mutu sai in bi duwatsu da ƙaramin famfo in tashe su. Canjin ruwa na dakatar. Autana kuma an ƙara masa kaso a roba, murna kamar an masa kayan Sallah.

Juma'a 5 ga Afrilu

0.03, naitret 2. Naitret ɗin sai da na taimaka masa da sodiyam naitret, kaɗan kaɗan kullum. Fosfet kuwa na riga na sayo na kwalba zan zuba, sai naga yana hawa da kansa, 0.01, 0.02, yau 0.03. Duwatsun nan da na wuni ina zagi tun Janairu su ne suke sakin sauran abin da ke jikinsu. Ban buɗe kwalbar ba.

Daino ya ragu da fiye da rabi. Wani kore kore ya fara fitowa a gilashi, ban taɓa zaton zanyi murnar ganin gansakuka ba. Acropora ɗaya ta tafi gaba ɗaya, ƙashi kawai, na cire. Ɗayar na datse kan da ya ƙone da ɗan abin yanka. Alkaliniti 8.4.

Juma'a 19 ga Afrilu

Barkanmu da Sallah, ko da ta wuce da kwana tara. 0.07, naitret 6. Kwana biyar ban ga majina ba, a madubi ma sai na nema sosai kafin in ga guda ɗaya ko biyu. UV zai ci gaba da aiki zuwa ƙarshen wata. Na dawo da canjin ruwa amma lita 30 kawai, na sayo dodon koɗi Trochus guda biyar.

Juma'a 3 ga Mayu

0.11. Ya ɗan wuce inda nake so, na mayar da GFO giram 30 kacal, kuma riyakta awa shida kawai yake aiki a rana. Khal ban mayar ba kuma bana jin zan mayar, naitret 7 ya ishe ni. Awo yanzu Talata da Juma'a ne ko ana ha maza ha mata, na saka ƙararrawa a waya.

Zafi ya fara, ranar Laraba da rana ruwan yakai 27.4 don an kashe na'urar sanyaya falo, na sa fanka tana hura saman samp ya dawo 26. Sai dai ruwa yana ƙafewa da sauri yanzu, kusan lita biyar a rana, dole in riƙa duba jarkar ƙari kada gishiri ya hau.

Juma'a 17 ga Mayu

0.08 Talata, 0.08 yau. Naitret 7, alkaliniti 8.2, kalsiyam 425, magnisiyam 1320, gishiri 35. Jiya da daddare na haska tocila a gefen Montipora naga siririn farin baki ya dawo a faranti ɗaya, ɗayan har yanzu shiru. Alkaliniti da tankin yake sha a rana ya tashi daga 0.3 zuwa wajen 0.6, alamar wani abu yana gina ƙashi a ciki, don haka gobe zan ƙara wa famfo mil 5 in sake aunawa Lahadi. Acroporar da na datse ta rufe wajen yankan da nama amma launinta bai dawo ba tukun. Akwai kuma wani jan tabo na sayano, wata irin bakteriya mai yauƙi, da ya fito a lungun baya inda ruwa baya gudu, zan juya famfon hagu ya fuskanci wajen in gani kafin Talata.